Darasi na Tara: Zaɓen Launin Inuwa a Layin Ɗinkin Tufafin Ƙananan Mutum-mutumi

Ƙananan mutum-mutumin da ake yi wa fenti da hannu sun daɗe a Turai. Maƙeran birnin Nurambag na ƙasar Jamus sun yi suna wajen zuba 'yan sojojin kuza masu faɗi kamar kwabo. A shekarar 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fito da dabarar zuba sojojin dalma masu rami a ciki, tsayinsu milimita 54, abin da ya sa suka yi araha har suka shiga gidaje da yawa. Marubuci H. G. Wells ya wallafa littafin dokokin wasan yaƙi da irin waɗannan sojoji a 1913. Yau akasarinsu da roba ake yi, kuma kamfanin da ya fi shahara a sana'ar shi ne Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, hedikwatarsa kuwa tana Notingham. Tsayin da aka fi amfani da shi a wasannin tebur yana tsakanin milimita 28 da 32, wato bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A kan wannan ɗan jiki ne mai fenti zai nuna riga da wando da ɗamara da aljihu, har da layin da tela ya bi da allura. Wannan darasi zai tsaya a kan layin ɗinkin nan, kuma abu guda yake son tabbatarwa: inuwar da ake sa wa layin ɗinki daga launin tufar ake ciro ta, ba daga kwalbar baƙin fenti ba. Baƙi yana da wurinsa, amma wurin ƙarami ne ƙwarai, kuma a ƙarshe ake zuwa gare shi.

Da farko ya kamata a san dalilin da ya sa ake zana inuwar tun asali, domin mai koyo yakan ce ai mutum-mutumin yana da tudu da kwari, haske zai yi masa inuwa da kansa. Lissafi kaɗan ya isa amsa. Mutum-mutumi mai milimita 28 ya kai kusan kashi ɗaya cikin sittin na tsayin mutum. Idan zurfin layin ɗinki a kan kwat ta gaske ya kai milimita 2, to a wannan ma'auni zai koma ƙasa da kaurin silin gashi. Masu sassaƙa sun san haka, shi ya sa suke ƙara wa layin zurfi fiye da gaskiya, amma duk da ƙarin, ramin bai isa ya tare hasken ɗaki ba. Haske yana shiga cikinsa ta kowane ɓangare ya cika shi, sai a wayi gari rigar ta zama dunƙule ɗaya, ba a bambance hannu da kafaɗa. Saboda haka mai fenti ne yake mayar da inuwar da ƙanƙanta ta ƙwace. Tunda kuwa shi ne zai ƙirƙire ta, dole ya san yadda inuwar gaske take a kan tufa, in ba haka ba zai zana abin da yake zato, ba abin da ido ya saba gani ba.

Abin da yawancinmu muke zato shi ne inuwa baƙa ce. Duk wanda ya tsaya ya dubi ninkin babbar riga a rana zai ga ba haka ba ne. A dubi jar shadda: cikin ninkinta ja ne mai zurfi, wani lokaci ma ya fi na waje ƙarfi. A dubi farar riga da hantsi a fili: ninkin da ke fuskantar sama yana ɗaukar shuɗi-shuɗi daga sararin samaniya, wanda ke fuskantar ƙasa kuwa yana ɗaukar jan ƙasar da mai rigar yake tsaye a kai. Dalilin na farko yana cikin yadda haske yake tafiya. Jar tufa tana mayar da jan haske ne, ta shanye mafi yawan sauran launuka. Idan haske ya faɗa cikin ninki, ba ya fitowa kai tsaye. Yakan bugi wannan gefe, ya koma ya bugi wancan, kuma a kowane bugu tufar tana ƙara tace shi. Mu ɗauki misali don lissafi kawai: a ce tufar tana mayar da kashi 80 cikin 100 na jan haske, da kashi 20 cikin 100 na kore. A bugun farko ja ya ninka kore sau 4. A bugu na biyu ja ya koma 64, kore ya koma 4, wato ja ya ninka shi sau 16. Hasken ya ragu, gaskiya ne, amma abin da ya rage ya fi na farko ja. To layin ɗinki ba wani abu ba ne illa ninki siriri mai zurfi, inda gefe biyu na yadi ɗaya suke fuskantar juna kusa da kusa. Ke nan shi ne wurin da launin tufar ya fi taruwa, ba wurin da ya ɓace ba.

Masu zanen Italiya sun yi wannan muhawara ƙarnuka da dama da suka wuce. Wajen shekarar 1400, Cennino Cennini ya rubuta littafin koyar da sana'ar zane, inda ya bayyana yadda ake zana tufafi: a sa tsantsar launi a cikin ninki mafi zurfi, sannan a riƙa ƙara fari a hankali yayin da ake hawowa zuwa inda haske ya fi bugu. Kusan babu baƙi a tsarin ninkin da ya koyar, shi ya sa tufafin da ke zanen wancan zamani suke da launi mai ɗaukar ido har cikin inuwarsu. A 1435 Leon Battista Alberti ya kawo wata hanya, ya ce a ƙara baƙi don inuwa, a ƙara fari don haske, amma shi kansa ya ja kunne a yi amfani da su da tsantseni. Kowace hanya tana da aibinta, kuma mai fentin ƙananan mutum-mutumi yana bukatar sanin duka biyun. Aibin hanyar Cennini shi ne launuka ba su da duhu ɗaya: tsantsar shuɗi yana da duhu, amma tsantsar rawaya haske ne, saboda haka rigar rawaya ba za ta taɓa samun inuwa mai zurfi ba idan rawaya kaɗai aka dogara da ita. Aibin baƙi kuwa shi ne yana kashe launi yayin da yake duhunta shi. Hanyar da ta fi dacewa da aikinmu tana tsakaninsu: a duhunta launin da wani launi mai duhu wanda yake ɗan'uwansa, ta yadda za a sami zurfi ba tare da an rasa rai ba.

Rawaya ce ta fi nuna wannan a fili, kuma kowa zai iya gwadawa a kan faranti cikin minti ɗaya. A ɗiga baƙi kaɗan cikin rawaya a juya: abin da zai fito kore ne mai dauɗa, ba rawaya mai duhu ba. Idan aka ja layin ɗinki da wannan a kan rigar rawaya, sai ta zama kamar ta yi funfuna. Abin da rawaya take so shi ne a bi da ita ta wajen ruwan goro zuwa ruwan ƙasa: ninki ya sami rawaya mai haɗe da ruwan goro kaɗan, layin ɗinki kuma ya sami ruwan ƙasa mai ja-ja. In ana son ƙarin zurfi a ƙarƙashin hammata, ɗigon shunayya ya fi ɗigon baƙi, domin shunayya tana rage hasken rawaya ba tare da ta karkatar da ita zuwa kore ba. Ja kuma, kamar jar kwat ɗin sojojin Ingila na ƙarni na 18, idan aka haɗa shi da baƙi yakan koma ruwan ƙasa marar armashi. Layin ɗinkinsa yana son ja mai duhu da aka ɗan ratsa da shunayya ko shuɗi mai duhu. Wasu masu fenti sukan sa ɗan kore mai duhu cikin jan, tunda kore kishiyar ja ne, kuma hakan yana aiki, amma sai da hannu mai sauƙi, domin in ya yi yawa sakamakonsa ɗaya ne da na baƙi. Shuɗi da kore ba su da wahala sosai: shuɗi mai duhu da ɗan shunayya ga na farko, kore mai duhu da ɗan shuɗi ko ɗan jan ƙasa ga na biyu, gwargwadon ko ana son tufar ta yi sanyi ko ɗumi a ido.

Fari shi ne inda mai koyo ya fi faɗuwa, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Tazarar da ke tsakanin fari da baƙi ita ce mafi girma da fenti zai iya bayarwa, don haka baƙin layi a kan farar riga yana fizgar ido fiye da fuskar mutum-mutumin kanta, alhali layin ɗinki ba shi ne abin da ake son a fara gani ba. Kafin a zaɓi inuwar fari, sai a yanke shawarar wane irin fari ne. Akwai farin ulu da farar auduga da ba a wanke da bula ba, masu karkata zuwa ruwan madara. Inuwarsu ruwan ƙasa ce mai haske, layin ɗinkinsu kuma ruwan ƙasa matsakaici da aka ɗan haɗa da toka. Akwai kuma fari tas irin na sabon lilin ko rigar likita, wanda inuwarsa ruwan toka ce mai shuɗi-shuɗi. A duka biyun, layin ɗinki bai kamata ya wuce matsakaicin duhu ba. Launin da zai ɓace sam a kan shuɗiyar kwat, a kan fari yana bayyana kamar an ja shi da biro. Wannan ba sabon sani ba ne. Masanin kimiyyar haɗa sinadarai Michel Eugène Chevreul, wanda aka naɗa shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta birnin Paris a 1824, ya binciki koken da ake yi cewa baƙin zarensu ba shi da ƙarfi. Ya gano cewa rinin lafiya lau yake, launukan da ke maƙwabtaka da shi ne suke sauya yadda ido yake ganinsa, ya kuma wallafa bayanin a littafi a 1839. Darasin da ke ciki ga mai fenti shi ne ba a auna launin inuwa a kan faranti shi kaɗai. A gefen launin tufar ake auna shi, bayan ya bushe, domin fentin akirilik yakan ɗan ƙara duhu idan ya bushe.

Baƙar tufa ita ce wurin da baƙi ya sami haƙƙinsa, amma ko a nan sai an shirya masa wuri. Idan aka shafe rigar duka da tsantsar baƙi, babu sauran abin da ya fi shi duhu da za a ja layin ɗinki da shi. Saboda haka ƙwararru sukan fara da toka mai duhu sosai, wadda aka ɗan karkatar zuwa shuɗi ko ruwan ƙasa, su ajiye tsantsar baƙi don layin ɗinki da cikin ninki kawai. Ido zai karanta rigar a matsayin baƙa, kuma ɗinkinta zai fito.

Bayan launi, sai a lura cewa layukan ɗinki ba daidai suke ba, ko da a kan riga ɗaya. Masu wannan sana'a galibi suna ɗaukar cewa haske daga sama yake saukowa. Ke nan ɗinkin da ke kan kafaɗa yana cikin haske, kuma inuwarsa ba ta bukatar wuce launin ninki na yau da kullum. Ɗinkin gefen riga da ya gangaro daga hammata yana farawa da duhu a sama, yana sassautawa yayin da yake fitowa fili. Kalmasar bakin riga da murfin aljihu suna da leɓe da ya hau kan yadin da ke ƙasa, don haka duhun yana ƙarƙashin leɓen, sannan a ja siririn layi mai haske a kan leɓen kansa. Sau da yawa wannan hasken ne yake fito da ɗinkin fiye da duhun. Akwai kuma bambanci tsakanin ɗinki a cikin yadi ɗaya da iyakar abubuwa biyu daban, kamar inda ɗamarar fata ta kwanta a kan riga, ko inda wando ya shiga takalmi. Iyaka irin wannan tana ɗaukar duhu fiye da ɗinki, kuma ana ciro launinta daga wanda ya fi duhu cikin biyun. Wanda ya ja duk waɗannan layuka da launi ɗaya da kauri ɗaya ya gaya wa ido cewa duk zurfinsu ɗaya ne, kuma wannan ba gaskiya ba ne.

Yanzu mu saurari masu ja da wannan ra'ayi, domin suna da hujjoji na gaske. Hujjarsu ta farko ita ce nisa da lokaci. Mai wasan tebur yana iya samun sojoji ɗari da zai yi wa fenti, kuma daga nisan kamu biyu ko uku za a riƙa kallonsu. A wannan nisa, in ji su, baƙin layi yana raba sassan jiki sarai, bambancin ja mai duhu da baƙi kuwa ba wanda zai gani. Suna kuma nuna tsinkakken fentin nan da ake sayarwa a shirye, irin su Nuln Oil mai baƙi da Agrax Earthshade mai ruwan ƙasa, wanda ake shafawa a kan mutum-mutumi gaba ɗaya ya gangara cikin ramuka da kansa. Babu musun cewa wannan hanya tana da sauri, kuma a kan sulke da bindiga da duk wani abu na ƙarfe, tsinkakken baƙi shi ne daidai. Amma batun nisa yana da fuska ta biyu. Daga nesa ido ba ya ganin layi ɗaya-ɗaya, yana haɗa layin da yadin da ke kewaye da shi ya mayar da su launi guda. Runduna mai jajayen riguna da aka ja wa baƙaƙen layuka, daga nesa jan nata yakan dushe. Wadda aka ja wa ja mai duhu kuwa tana nan ja. Wato nisa ba ya ɓoye zaɓin, yana bazar da shi ne a kan rigar duka. Game da lokaci kuma, tsoma buroshi cikin tsinkakken ja mai duhu bai fi tsoma shi cikin baƙi daɗewa ba. Kamfanonin da kansu sun bi wannan hanya: fentin Contrast da Games Workshop ya fitar a 2019 an haɗa shi ne don ya taru a cikin ramuka da duhun launinsa, ya bar tudu da haske, wato inuwar ja ta zama ja, ta shuɗi ta zama shuɗi.

Hujja ta biyu ita ce kuɗi, kuma ta fi shafar wanda yake sayen fenti daga ƙasar waje kwalba-kwalba. In kowane launi sai an nemo masa inuwarsa, ashe sai an tara kwalabe da yawa? A'a. Ruwan ƙasa mai duhu, da shuɗi mai duhu, da shunayya, da ja mai duhu sun isa a haɗa inuwar kusan kowace tufa, tunda ɗigo kaɗan ake zubawa cikin launin rigar da ake da shi tuni. Har ma ruwan ƙasa mai duhu da shuɗi mai duhu idan aka haɗa su suna ba da wani duhu da ya kusa baƙi, wanda za a iya karkatar da shi ɗumi ko sanyi ta ƙara ɗaya daga cikinsu, abin da baƙin kwalba ba ya bayarwa.

Hujja ta uku ta fi sauran nauyi, kuma ba za a ture ta gaba ɗaya ba. Masu ita suna cewa launin inuwa idan ya yi yawa yana mayar da soja ɗan wasan kwaikwayo: shunayya tana walƙiya a hammatar rigar kaki, shuɗi yana ihu a ninkin farin wando. Wannan aibi ne na gaske, kuma ana ganinsa a aikin waɗanda suka ji ka'idar suka wuce gona da iri. Kakin soja da bargon matafiyi da tufar da ta sha ƙura ba su da launi mai ƙarfi tun asali, saboda haka inuwarsu ma dole ta kasance mai sanyin murya, ruwan ƙasa ko toka mai ɗan karkata kawai. Ma'aunin da za a riƙe shi ne wannan: idan mai kallo ya iya faɗin sunan launin da ke cikin layin ɗinki daga nisan hannu, launin ya yi yawa. Abin da ake so ya gani shi ne riga mai zurfi, ba shunayya ba. Sai dai amsar wuce gona da iri ita ce ragewa, ba komawa ga baƙi ba, domin baƙin ma wuce gona da iri ne ta wajen duhu.

Wajen aiki da hannu, a tsinka fentin da ruwa har ya riƙa gudana daga bakin buroshi ba tare da an danna ba, a taɓa buroshin a kan takarda don a rage ruwan da ya yi yawa, sannan a ɗora bakinsa cikin ramin ɗinkin a ja a hankali. Buroshi mai tsini mai kyau ya fi buroshi ƙarami muhimmanci, domin ƙarami sosai yakan bushe kafin a kai ƙarshen layi. In layin ya fita daga ramin, a bari ya bushe a gyara gefensa da launin rigar. Shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, saboda na biyun yana ba da damar ƙara duhu a inda ake bukata kawai, kamar ƙarƙashin hammata, a bar sauran yadda yake. Don a tabbatar duhun ya isa, a ɗauki hoton aikin da waya a mayar da shi baƙi da fari: idan layin ɗinki ya ɓace a hoton, launinsa ya bambanta da na rigar amma duhunsa bai bambanta ba, sai a ƙara, idan kuma shi ne abu mafi duhu a jikin duka, a rage.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya sami mutum-mutumi biyu iri ɗaya, ko kuma ya tsaga layuka da wuƙa a kan gutsuren kwali biyu idan bai da su. Ya shafa wa duka biyun rawaya, ya ja layukan ɗaya da baƙi, na ɗayan da ruwan ƙasa mai ja-ja. Ya maimaita da fari, sau ɗaya da baƙi, sau ɗaya da toka mai shuɗi-shuɗi. Idan sun bushe, ya ajiye su kusa da taga ya dube su daga nisan hannu, sannan daga ƙarshen ɗaki, ya rubuta abin da ya gani a kowane nisa, ya zo da su aji tare da bayanin yawan ɗigon da ya haɗa.